Waƙoƙin Maharba da Mafarauta a Gabashin Ƙasar Kano: Tarihinsu da Shaidar da Su ke Bayarwa

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Wudil ta nufi Gaya, sa'an nan ya karkata arewa ya shiga ƙasar Ajingi, inda su Toranke da Balare da Gafasa da Kunkurawa su ke, da wuya ya ga wani fili mai faɗi wanda ba a nomawa. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, sai itatuwan ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo waɗanda manoma suka bari da gangan don amfaninsu. Amma in kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, makaɗan farauta suka saɓa gangi a dandali, sai ka ji ana ambaton giwa da ɓauna da zaki da gwanki, watau namun da suka ƙaurace wa wannan ƙasa tun zamanin kakanni.

Abin da mu ke nufi da wannan takarda shi ne mu bi tarihin waɗannan waƙoƙi, mu nuna aikin da su ke yi wa masu su. Ra'ayinmu kuwa shi ne, waƙar farauta ita ce littafin ajiyar maharba. A cikinta su ke tsare sunan wanda ya kashe nama, da irin naman da ya kashe, da wurin da ya kashe shi, da wanda ya gada. Saboda haka ta zama shaida a kan ƙasa da mutanenta a zamanin da ba mai rubuta labarin ƙananan garuruwa irin su Toranke. Shaidar nan kuwa a bakin tsofaffi ta ke, su kuma kullum raguwa su ke yi.

Maharbi da mafarauci

Kafin mu shiga tarihi ya kamata mu rarrabe mutum biyu waɗanda mutanen birni su kan haɗa su wuri guda. Na farko shi ne maharbi, wanda mutanen yamma ke ce wa mahalbi. Shi harbi sana'arsa ce, ko dai gadonta ya yi, ko kuwa ya yi barance wurin wani gwani shekara da shekaru. Shi kaɗai ya kan shiga daji, ko shi da yaronsa, da kwari da baka da kibau masu dafin kwankwani, daga baya kuma da adaka. Ya kan ɗaura kan burtu a goshinsa ya yi ta rarrafe cikin ciyawa har ya kusanci nama, ko ya hau itace kusa da mashaya ya yi bago har dare ya raba. Shi ne kuma mai maganin ƙauye, gama ya san saiwa da sassaƙe da ganye. Shugaban maharba shi ne Sarkin Baka, a waɗansu wurare kuma Sarkin Dawa.

Na biyu shi ne mafarauci. Ita farauta gayya ce ta rani, masu yinta kuwa manoma ne waɗanda suka huta da aikin gona. A kan sa rana, a aika ƙauyukan kewaye, a fita da karnuka da gora da gatari da barandami, a kewaye daji, wani lokaci a sa masa wuta, a kashe abin da ya fito, ko zomo ne ko gada ko gafiya ko zabi da fakara. Akwai farautar wuni, akwai ta kwana wadda a kan ɗauki guzuri a yi nisa da gida. Cikin wannan taro ne 'yan tauri su ke, watau masu da'awar ƙarfe ba ya cin jikinsu.

Kowannensu da kiɗansa. Na maharba shi ne komo, watau babbar garaya mai tsirkiya biyu, kamar yadda David Ames da Anthony King suka bayyana a littafinsu na sunayen kayan kiɗan Hausa a 1971. Na mafarauta da 'yan tauri kuwa gangi ne da kalangu, da ƙahon da a ke busawa don a tara jama'a cikin daji. Kiɗan komo na zama ne, a kan yi shi a tsanake ana sauraron magana. Kiɗan gangi na tafiya ne da tsuma, baitocinsa gajeru ne, amshi ya fi yawa. Mai neman tarihi zai fi samun biyan bukata wurin mai komo, ko da ya ke yanzu mai gangi ya fi sauƙin samuwa.

Maharbi a farkon tarihi

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, Dokta East kuma ya fitar da shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933, da maharbi ya buɗe. Shi ne Barbushe, daga zuriyar Dala, wanda aka siffanta shi da girman jiki da ƙarfi, har aka ce da sandarsa ya ke kashe giwa, ya ɗauko ta a ka ya yi tafiyar wajen mil 9. Littafin ya nuna cewa in jama'a sun taru a gindin dutse da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, Barbushe ya kan fito tare da makaɗa, ya ɗaga murya, ya shiga wurin Tsumburbura ya ambaci kakansa da gadonsa, sa'an nan ya fito ya faɗi abin da zai auku cikin shekara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a taron maharba zai gane wannan tsari, gama shi ne tsarin kirarinsu har wa yau: mutum ya miƙe bayan kiɗa, ya fara da wanda ya gada, ya ƙare da abin da ya isa ya yi. Wannan kuwa kafin zuwan Bagauda ne, wanda bisa lissafin Palmer ya ci sarauta a 999.

Ƙasar Gaya tana da nata rabo a cikin wannan labari. Abin da Kanawa suka gada shi ne, Abagayawa maƙera daga Gaya suka taso suka zo Dala neman tama. Maƙeri da maharbi kuwa ba su rabuwa, domin ba kibiya sai da maƙera. In muka dubi maƙwabtan Gaya sai mu ga labarin kafa gari da maharbi ya ke farawa. Mutanen Dutse sun ce wani maharbi mai suna Dunamagu ne ya fara zama wurin saboda yawan gada, har sunan Gadawur ya bi garin. Mutanen Haɗejiya sun ce Haɗe maharbi ne daga Machina, da matarsa Jiya. Mutanen Kazaure su kuma su kan ambaci maharbi Kutumbi. Abin lura kuma shi ne, Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) Agalfati ɗan Sarkin Machina ya zama Sarkin Gaya, wani ɗan'uwansa kuma ya zama Sarkin Haɗejiya. Ashe hanyar da labarin baka ya ce maharbi ya biyo daga gabas, ita ce littafi ya ce sarauta ta biyo.

Dalilin da ya sa gari ke farawa da maharbi a fili ya ke. Shi ne wanda ya san inda ruwa ke kwana da rani, domin nan nama ke taruwa. Shi ne ya san ƙasa mai kyau da wurin da za a iya tsarewa, shi ne kuma mutane suka yarda ya iya daidaitawa da iskokin wurin kafin a sare itace. Ya kan kafa bukka don shanya nama, 'yan'uwa su biyo shi, bukka ta zama tunga, tunga ta zama gari. Bayan sarauta ta kafu sai zuriyarsa su koma gefe da sarautar Sarkin Baka, labarin kakansu kuma ya koma cikin kirari, gama makaɗan fada sarki su ke yi wa waƙa.

Yadda waƙar ta ke da wuraren yinta

Abu uku ne ke haɗuwa a wurin kiɗan farauta, kuma ya kamata mai nazari ya rarrabe su. Akwai take, watau ɗan gajeren kiɗan da aka keɓe wa mutum ko gidansu, wanda ko ba a furta kalma ba kowa ya san da wa a ke. Akwai waƙa, wadda makaɗi ke bayarwa 'yan amshi suna karɓa. Sa'an nan akwai kirari, wanda shi mai taken ke yi wa kansa in kiɗa ya ratsa shi, ya tsuma, ya zabura ya shigo fili.

Abin da waƙar ta ƙunsa bai cika sauyawa ba. Makaɗi ya kan fara da uban gidan maharbi, da wanda ya koya wa uban gidan, har iyakar inda ya sani. Sa'an nan ya ambaci dazuzzukan da ya shiga da sunayensu, da fadamu da tafkuna da kukoki, da naman da ya kayar a kowane wuri. Ya kan zuga shi da cewa yana tafiya lokacin da mutane ke barci, ya kan yi habaici ga raggon da ya ji motsi ya jefar da baka. A waƙar mafarauta har karnuka a kan kira da sunayensu, a faɗi wanda ya fara cim ma nama da wanda kura ta kashe. Namun ma kowane da kirarinsa, domin girman abin da aka kashe shi ne girman wanda ya kashe shi.

Wuraren yinta su ne daren da za a fita farauta, da ranar komowa, da bikin aure ko suna a gidan maharbi, da naɗin Sarkin Baka, da kalankuwa bayan girbi. Mafi girma duka shi ne taron da a kan yi in babban maharbi ya rasu, inda abokan sana'arsa ke zuwa daga nesa, a kwaikwayi farauta a fili, wani ya zama nama wani ya yi sanɗa, makaɗi kuma ya jero ayyukan mamacin tun daga farko.

Nan ne aikin shaida ya ke fitowa. Cikin farautar gayya rigima ba ta ƙarewa a kan nama, domin wani ne zai fara jifa, karen wani ya kama, wani mai ƙarfi kuma ya zo ya ƙwace. Hausawa sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa su ke cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. To, in an dawo gida aka zauna gaban jama'a, makaɗi ne ke mai da kowane nama ga mai shi. Ba ya iya ba wani abin da ba nasa ba, gama waɗanda suka je dajin suna zaune suna ji, shi kuma a kan ba shi rabonsa na nama daga hannun wanda ya kashe. Haka kuma mutum ba ya iya yin kirari da ɓaunar da bai harba ba alhali tsaransa suna wurin. Zuga tana da yawa a waƙar, amma sunan mutum da sunan wuri da sunan nama, waɗannan uku jama'a ne ke tsaronsu.

Musulunci da jihadi

Tarihin Kano ya sa zuwan Wangarawa da addinin Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). Musulunci bai hana farauta ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi ke karantawa a ƙasar nan, ta halatta farauta don neman abinci, ta karhanta wadda a ke yi don wasa kawai, ta kuma halatta abin da horarren kare ya kama in an sake shi da sunan Allah. Abin da malamai suka ƙi shi ne abin da ke tattare da sana'ar, watau yanka ga iskoki, da tsafe-tsafen buɗar dawa, wadda a kan yi kafin a fara farautar shekara a duba abin da shekarar za ta zo da shi. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, ya nuna yadda bautar iskoki ta ci gaba a karkara kafaɗa da kafaɗa da Musulunci. Ita garaya ma ta maharba ce ta 'yan bori ce, wannan kuwa ya ƙara sa malamai suka ƙyamace ta.

Da aka yi jihadi, Kano ta faɗa hannun jama'ar Shehu a 1807, shugabannin jihadi suka ƙuntata kiɗe-kiɗe, suka yarda da ganga don yaƙi da tara jama'a, suka soki ta wasa. Amma masarauta ba ta iya rabuwa da 'yan baka ba, domin su ne dakarun da ke tsaron ganuwa da bakin daji, musamman da hare-haren Ningawa suka dami kudanci da gabashin Kano a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Saboda haka waƙar ba ta mutu ba, sai dai ta yi sabuwar riga. Makaɗi ya kan buɗe da sunan Allah da salatin Annabi, sa'an nan ya gangaro ga tsofaffin baitoci masu ambaton mutanen ɓoye da ƙarfin laya da baduhu. Waɗannan hawa biyu suna nan a jere cikin waƙa guda, kowanne yana nuna zamaninsa.

Zamanin Turawa da ƙarewar daji

Tun kafin Turawa su ci Kano daji ya fara raguwa. Barth, wanda ya zo a 1851, ya yaba yawan jama'a da noman ƙasar Kano. Wajen 1890 zuwa 1891 kuma annobar bushiya ta ratso ƙasashen nan, ta kashe shanu ba iyaka, ba ta kuwa bar ɓauna da manyan namun daji masu kofato ba. Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Da ya ke haraji da kuɗi a ke biya, gyaɗa kuwa ita ce kuɗi, sai saura da kurmi suka zama gona, zaman lafiya kuma ya sa mutane suka fita daga garuruwa masu ganuwa suka bazu a ƙauyuka.

Doka ita ma ta shigo. A 1916 gwamnati ta kafa dokar kiyaye namun daji, wadda ta hana kashe waɗansu namun sai da lasin, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963. Aka keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu kallo a 1962, dajin Kogin Kano kuma, wanda a ke kira Falgore, ya zama wurin kiyaye namun daji. Ta haka sauran manyan namun suka koma inda maharbi ba shi da ikon shiga. Daga baya fari na 1973 ya zo, aka kuma gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ambaliyar da ta saba cika fadamun kogin da ya bi ta Wudil ya nufi Haɗejiya ta ragu, tsuntsaye da ƙananan namun fadama suka ragu tare da ita.

Wannan ya taɓa waƙar ta hanya biyu. Ta farko, ayyukan manyan namun suka zama gado, jika yana kirari da giwar kakansa, shi kuwa iyakarsa zomo da gafiya. Ta biyu, da ya ke namiji ba ya rasa abin da zai yi kirari da shi, sai jarunta ta tashi daga kan nama ta koma kan mutum. Gangi ya rinjayi komo, ɗan tauri ya rinjayi maharbi, aka fi yabon wanda ya ƙwace nama a taro bisa wanda ya yi sanɗa ya harba. Waƙoƙin Kassu Zurmi na ƙasar Zamfara, wanda ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa da kalangu, suna nuna wannan hali a sarari. A cikin birnin Kano kuwa, inda ba daji ko kaɗan, waɗansu ƙungiyoyin farauta na unguwanni sun rikiɗe sun zama 'yan daba.

Misali daga Ingila

Yana da amfani mu dubi wata ƙasa inda irin wannan ya auku. A Cumberland, can arewa maso yammacin Ingila, ƙasar duwatsu da tafkuna, makiyayan tumaki sun daɗe suna farautar yanyawa irin ta ƙasarsu, wadda ta fi tamu girma, domin tana kashe musu 'yan raguna. A ƙasa su ke bin karnukansu cikin duwatsu, in an tashi kuma da maraice su taru a masaukin ƙauye su yi ta waƙa, haka kuma a taron shekara da makiyaya ke yi don mai da ɓatattun tumaki ga masu su. Waƙoƙin nan suna jera sunayen karnuka, da duwatsu da rafukan da aka bi, da sunan shugaban farauta, daidai da namu. Wadda ta fi shahara ita ce ta John Peel, manomi mafarauci na Caldbeck wanda ya rasu a 1854, abokinsa John Woodcock Graves ne ya tsara masa ita. A 2004 Majalisar Birtaniya ta hana farautar yanyawa da karnuka a Ingila da Wales, dokar ta fara aiki a Fabrairu na 2005, amma waƙoƙin ba su ɓata ba.

Bambanci biyu ne tsakaninmu da su. Su waƙarsu ta fi yabon kare da ƙasa, ba ta da kirarin kai da zancen asiri irin namu. Sa'an nan su tun da wuri aka rubuta nasu aka buga, saboda haka ko taro ya watse takarda tana nan. Namu kuwa masu nazari sun fi mai da hankali ga makaɗan fada, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina, mai komo na ƙauye aka bar shi da 'yan garinsu.

Halin da a ke ciki

Maharba ba su ƙare ba, aikinsu ne ya sauya. A 2014 maharban Adamawa sun taimaki soja wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Alhaji Ali Kwara na Azare, wanda ya rasu a 2020, da farautar 'yan fashi ya yi suna. A ƙauyuka da yawa su ne 'yan sintiri. Masu son farautar nama kuwa dole su yi tafiya mai nisa, har kurmin kudu. A ƙarshen watan Maris na 2025 waɗansu mafarauta 'yan jihar Kano suna komowa gida daga wajen Fatakwal don yin Salla, aka tsare motarsu a Uromi cikin jihar Edo, aka ga adaka da karnuka, aka zarge su da satar mutane, taron jama'a suka kashe 16 daga cikinsu. A garinsu kowa ya san ɗan wane ne mai riƙe da adaka, da gidan da ya gaji sana'a, domin an sha jin takensa a dandali. Da ya fita inda ba a san takensa ba, sai aka ga makami kawai.

Yadda mai tarihi zai yi aiki da su

Waƙar farauta shaida ce, amma kowace shaida sai an auna ta. Abu na farko shi ne sunayen wurare. In waƙa ta ambaci wani kurmi ko tafki a ƙasar Toranke, sai a je a tambayi dagaci da masu unguwanni inda ya ke, gama sau da yawa sunan yana nan a kan gona ko unguwa bayan itatuwan sun tafi. In aka tara irin waɗannan sunaye aka sa su a taswira, za a ga iyakar dajin da, da yadda noma ya ci shi. Na biyu shi ne salsalar iyayen gida. In makaɗi ya jero mutum biyar ko shida, kowane ya koya wurin na gabansa, ana iya kimanta zamanin na farkon, a gwada da jerin sarakunan Gaya da na dagatai. Na uku shi ne kalmomi. Baitin da ya ambaci adaka ya zo bayan na baka da dafi, wanda ya ambaci lasin ko ɗan gandun daji na zamanin Turawa ne ko bayansu.

Sai dai a yi hattara da abu uku. Kirari gado ne, saboda haka giwar da ke bakin mutum tana iya zama ta kakan kakansa. Makaɗa kuma mayawata ne, su kan ɗauko baiti daga Zamfara ko Damagaram su liƙa wa mutumin Gaya. Zuga kuwa ba ta da ma'auni, kamar dai mil 9 na Barbushe. Abin dogara shi ne wurin da sunan mutum da sunan wuri da sunan nama suka haɗu, aka kuma same su haka a bakin makaɗa biyu na garuruwa daban.

Wannan aiki malaman kwalejojin horon malamai sun fi kowa ikon yinsa, domin ɗalibansu 'ya'yan ƙauyukan nan ne, hutunsu kuma ya kan faɗo da kaka da rani, lokacin da a ke kiɗan. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa ɗaukar murya. Ya nemi izinin Sarkin Baka tukuna, ya gaishe shi yadda ya kamata, kada kuma ya tambayi asirin magani, domin ba shi a ke nema ba, tambayarsa kuwa ta kan rufe bakin dattijo. Ya rubuta waƙar yadda aka rera ta, kada ya gyara Hausar makaɗi ta koma ta makaranta. Ya rubuta rana da gari da dalilin taron, sa'an nan washegari ya koma ya zauna da makaɗin ya tambaye shi kowane suna, wane ne, ɗan wa, ina wurin ya ke. Abin da aka tara a kai kwafinsa cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa tun 1969, a bar kwafi guda a kwaleji, guda kuma a mayar wa gidan da aka ɗauko. A fara da masu komo, gama su ne suka fi tsufa, su ne kuma 'ya'yansu ba su ɗauki sana'ar ba.